'Yar Ƙofa Biyu Ta Hannu: Wacce Za Ta Jure Zafinmu Da Titinmu?

Duk wanda ya saba ratsa filayen sayar da motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda ake jera su. Corolla da Camry a tsakiya, Sienna da Highlander daga baya, sannan a bakin titi, inda ido zai fara sauka, an girke wata gajeruwa mai ƙofa biyu, ƙirjinta ya kusa taɓa ƙasa, an wanke ta tana ɗaukar ido. Dillali ya san wanda ya ajiye wa ita. Ko saurayin da ya fara samu, ko ango mai son a san ya iso ranar ɗaurin aure, ko dattijon da ya gama aurar da 'ya'ya yana son ya more tuƙi da sauran ƙarfinsa.

Ba na cikin masu yi wa mai son irin wannan mota kallon almubazzari. Wanda ya taɓa jan motar da ke bin hannun direba a kwana, wadda in ka taka ta amsa nan take, ya san akwai daɗin da motar iyali ba ta bayarwa. Sai dai a duk motocin hannu babu wadda ta fi ta saurin jefa mai ita cikin nadama, kuma sau da yawa tun ranar ciniki aka yi kuskuren. Mai saye ya tambayi sunan kamfani da shekara da launi, ya manta da tambayoyi biyu da suka fi waɗannan nauyi: wa ya ja ta kafin ta iso nan, kuma injinta yana da 'yan uwa a garin da za ta zauna?

Tambayar farko tana da dalili. Wanda ya sayi Camry sabuwa a Amurka galibi wurin aiki yake zuwa da ita ya dawo. Wanda ya sayi mai ƙofa biyu mai ƙarfi, musamman mai hannu na biyu da na uku, sau da yawa matashi ne da ke ɗaga injin har jan layi, ya sauya salansa, ya rage tsayin ƙafa, ya taɓa ƙwaƙwalwar motar don ta ƙara ƙarfi. Ga shi kuma kamfanoni da dama sun bar ƙera irinsu. Toyota ta tsayar da Solara a 2008, Honda ta rufe babin Accord mai ƙofa biyu a 2017. Wadda dillali ke kira sabuwa fil a cikinsu ta riga ta kwana biyu a duniya.

Hanyar da ta biyo

Yawancin waɗannan motoci daga Amurka da Kanada suke fitowa, ko da dillali ya ce maka 'yar Beljiyam ce. Da yawa kuma a gwanjon kamfanonin Copart da IAA aka sayo su, inda kamfanonin inshora ke kai motar da suka ga kuɗin gyaranta ya kusa kamo darajarta. Ba kowace motar gwanjo ce gawa ba. Ladan bakanike da na mai fenti a can yana da tsada ƙwarai, don haka motar da aka lotsa wa ƙofa da fitila za a iya sallama ta, a kawo ta nan a gyara ta tsaf, ta yi shekaru tana aiki. Iri biyu ne ya kamata ka guje wa ko da kyauta aka ba ka: wadda shasinta ya karkace, da wadda ta sha ruwa.

Ta ruwan ita ce mugun iri. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a Agustan 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, haka guguwar Ian a Florida a Satumban 2022, kuma bayan kowace irin wannan musiba motocin sukan watsu zuwa kasuwannin duniya. Mota ta sha ruwa tana iya tashi lafiya, ta yi wata shida ba ta yi tari ba, alhali tsatsa tana cin haɗin wayoyinta a ɓoye. Daga nan yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki ta kama a allo, jibi giya ta ƙi shiga, kowane mai waya ya taɓa ya ce ya gano, ba a gano ba. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina. Ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafan da take zamewa a kai sun yi tsatsa. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, don tabon ruwa yakan tsaya a can inda mai wanki bai kai ba. Ka ciro safaya ka duba ramin da take kwance, ko akwai busasshen laka.

Abin da ya sauƙaƙa wa mai saye a yau shi ne lambar shasi. Tun 1981 kowace motar kasuwar Amurka tana ɗauke da lamba mai harufa da alƙaluma 17, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin madogarar ƙofa. Ka tabbatar ta wurin biyu iri ɗaya ce, sannan ka rubuta ta a intanet. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga goshin da dillali ya rantse ba a taɓa ba a murƙushe. Da ɗan kuɗi kaɗan kuma ana sayen rahoton Carfax, wanda ke nuna haɗurran da aka rubuta da tafiyar da motar ta yi a lokuta daban-daban. In rahoto ya ce ta yi mil 160,000 shekara uku da suka wuce, yau kuma allonta yana nuna 90,000, an mayar da agogo baya. Ka tuna kuma motocin Amurka da mil suke lissafi, sai ka ninka da 1.6 ka sami kilomita. Dillalin da ya hana ka ɗaukar lambar shasi ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma waɗanda aka juya wa sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka motocin Japan da Ingila sai an yanka an mayar da sitiyarin hagu kafin a sayar. A motar da za ta yi gudu, ban yarda mutum ya ɗora ransa a kan walda da wayoyin da aka ƙulla a bayan gareji ba. Alamarta ba ta ɓuya: mariƙin buɗe bonet yana can dama, share-gilashi yana kwance ta inda bai dace ba, allon gaba yana da ɗinki.

Wadda ke da dangi a gari

A ganina, ga mafi yawan masu karatu, Honda Accord mai ƙofa biyu ce amsar da ta fi kusa da hankali, ko da masana za su ce ba motar tsere ba ce ta gaske, tunda tayoyin gaba ne ke jan ta. Dalilina shi ne injinta da giyarta da ƙafarta na Accord ɗin da muka sani ne, wadda ake kira EOD da DC, na 2003 zuwa 2007, da Evil Spirit ta 2008 zuwa 2012. Babu bakaniken Honda a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo da zai buɗe bonet ɗinta ya tsaya yana kallo.

Amma a cikin gidan ma akwai bambanci mai girma. Mai silinda huɗu, lita 2.4, injin K24, sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinta, kuma in ana canza baƙin mai kan lokaci ba ta cika ba da wahala ba. A ta 2008 zuwa 2012 akan ji wata ƙara ta daƙiƙa ɗaya ko biyu in an tayar da ita da sanyin safiya, daga na'urar da ke juya taimin take fitowa, sananniyar matsala ce kuma tana gyaruwa. Mai silinda shida ita ce mai daɗin, amma bel ne ke riƙe da taimin ɗinta, kuma kamfani ya ce a canza shi wajen mil 105,000 ko shekara 7. In ya tsinke ana tafiya, fistin zai doki bawul, injin ya tashi aiki. Duk wanda ya sayi mai silinda shida ba tare da shaidar an canza bel ba, to ya sa kuɗin bel da famfon ruwa a cikin kuɗin motar tun daga farko.

Sai batun giya. Mai silinda shida ta 2003 da 2004 mai giyar otomatik tana da tabo, har Honda ta yi kiranye a 2004 saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi. Ta 2008 zuwa 2012 mai otomatik kuma tana da tsarin da ke kashe wasu silinda in ana tafiya a hankali don rage shan mai, tsarin da ya jawo ƙorafin shan baƙin mai da lalacewar fulogi, har aka kai kamfanin kotu a Amurka aka sasanta a 2013. Wadda masu sani ke nema ita ce mai silinda shida mai giyar hannu shida, don ba a sa mata wannan tsarin ba. Ba ta da yawa, in ka same ta da tarihi mai kyau kada ka tsaya jan ciniki a kan 'yan canji. Ta 2013 zuwa 2017 mai silinda huɗu da otomatik giyar CVT gare ta, wadda ba ta yafe wa wanda ya zuba mata man da ba nata ba. HCF-2 take sha, tsofaffin kuma DW-1. Giyar Honda da yawa a ƙasar nan ba tsufa ne ya kashe su ba, jan man da ake aunawa a galan ne.

Kowa ya taɓa ganin Honda a tsakiyar titi ta durƙusa, tayar gaba ta kwanta waje. Bol-joyin na ƙasa ne ya fice. A ƙirar ƙafar waɗannan motoci kafin 2013 nauyin gaba yana kansa, ga ramukan titinmu, ga jabun kayan da suka cika kasuwa. A mota mai gudu wannan maganar rai ce. A ɗaga ta a girgiza taya, in robar da ta rufe shi ta yage ko akwai motsi, a canza da na asali, kada a yarda bakanike ya ce zai “matse” shi.

Abu ɗaya da mai sayen Accord mai ƙofa biyu bai cika sani ba sai ya faɗa: kayan ciki ne kawai na dangi. Ƙofa da gilashin gefe da na baya da fitilun baya da bamba duk nata ne ita kaɗai. In ɗan adaidaita ya fasa maka fitilar baya, za ka iya yin makonni kana jiran a nemo a kasuwar Ladipo. Don haka a wannan motar lafiyar jiki ta fi ta kowace Accord daraja.

Toyota Solara ba ta buƙatar dogon bayani. Camry ce aka yi wa ƙofa biyu, tana da laushi da natsuwa, kayanta suna ko'ina. Allon gabanta yakan narke ya tsattsage a rana, mai silinda huɗu ta shekarun ƙarshe kuma a duba ta da shan baƙin mai. Mai neman kwanciyar hankali zai same shi a nan, mai neman zafin nama ba zai samu ba.

Masu tura ta baya

Daɗin tuƙi na gaske yana ga waɗanda tayoyin baya ke turawa, kuma a nan Infiniti G35 mai ƙofa biyu, ta 2003 zuwa 2007, da ƙanwarta G37 ta 2008 zuwa 2013, sun fi cancanta a duba. Injin VQ da ke cikinsu ɗan gidan wanda ke cikin Maxima da Murano da Pathfinder da FX35 ne. Ba kowane ƙarfe ne ke shiga na wani ba, amma bakaniken Nissan ya san halinsa. G35 tana da ƙarfin doki 280, G37 tana da 330, ba tare da na'urar tabo (turbo) ba, wanda shi ne babban alherinsu a ƙasa mai zafi. Nissan 350Z da 370Z 'yan uwansu ne na jini, sai dai kujera biyu kawai gare su.

Su ma suna da nasu. G35 mai giyar hannu ta 2005 zuwa 2007, wadda aka ƙara wa ƙarfi, ta yi suna wajen shan baƙin mai. A G37 na farko-farko akwai wani siririn gasket a bayan murfin taimin da ke yagewa, ƙarfin tura baƙin mai ya ragu ba tare da direba ya ji komai ba, har inji ya buga. Bakanike mai ma'auni zai iya gwada ƙarfin man cikin mintuna, kuma gwajin ya fi sabon inji araha nesa ba kusa ba. Shan fetur kuwa ba a magana. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, har ta haura 1,000 a 2024. Wanda zai sayi inji mai lita 3.7 ya zauna ya yi lissafin mako-mako tukuna.

Toyota 86 ita ce wadda zuciyata ta fi karkata gare ta, kuma ita ce na fi jin tsoron ba da shawara a kanta. A 2012 ta fito, aikin haɗin gwiwa tsakanin Toyota da Subaru, ana ƙera ta a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan. A Amurka an fara sayar da ita da sunan Scion FR-S har zuwa 2016, tagwaininta kuma Subaru BRZ. Ƙarfin doki 200 ne kawai, nauyinta wajen kilo 1,250, kuma injiniyan da ya jagoranci aikin, Tetsuya Tada, da gangan ya sa mata tayoyi marasa faɗi don direba ya ji motsin motar ba sai ya yi gudun hauka ba. Samarinmu suna ganin tambarin Toyota su ɗauka Corolla ce mai kyan jiki. Injin na Subaru ne, fistin ɗinsa a kwance suke biyu dama biyu hagu, ko fulogi za a canza sai an sha aiki saboda matsi. Siririn baƙin mai 0W-20 take so. An yi wa ƙirar 2013 kiranye a 2018 saboda sifirin ɗin bawul da ke karyewa, wasu injinan kuma sun lalace bayan gyaran saboda gam ɗin da aka lafta ya toshe hanyar mai. Tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, ka auna wannan da tudun rage gudu na unguwarku. In kana Abuja kana da bakaniken Subaru da ka yarda da shi, bismilla. In kana garin da babu, ka haƙura.

Na Jamus su ne masu kyan ɗan maciji. BMW mai ƙofa biyu ta 2007 zuwa 2013 iri biyu aka fi gani: 328i da 335i. Kowa 335i yake so saboda tabo da ƙarfin doki 300, alhali famfon turo fetur na injin N54 ya addabi masu ita har kamfanin ya yi kiranye a 2010, ga yoyon mai, ga zafin da tabo biyu ke haifarwa a ƙarƙashin bonet. 328i mai injin N52 ba ta da tabo, ta fi ta juriya sosai, ita zan zaɓa ko da an saka su kuɗi ɗaya. Dukansu famfon ruwansu na lantarki ne, yakan mutu ba sallama. Tsohuwar ƙirar E46 kuwa robobin hanyar ruwanta sukan gasu su fashe, kuma a duba inda ƙafar baya ta kama jiki, don ƙarfen wurin yana tsagewa. A gidan Mercedes, CLK320 mai injin M112 ta fi CLK350 ta 2006 da farkon 2007 aminci, saboda wani haƙori a cikin injin M272 da ke cinyewa, wanda sai an sauke inji kafin a kai gare shi.

Ford Mustang ta 2011 zuwa 2014 mai silinda shida tana da ƙarfin doki 305 kuma ba ta da rikitarwa, matsalarta jiran kaya. Mazda RX-8 kuwa, duk arhar da za a yi maka, ka wuce. Injinta ba na fistin ba ne, mai juyawa ne, an ƙera shi yana ƙona baƙin mai da gangan, ko gwada ƙarfinsa sai da na'ura ta musamman. Mazda da kanta sai da ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 a Amurka.

Zafi da mai da hannun bakanike

Mota tana iya isowa lafiya mu kashe ta da kanmu. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, kuma maganin da aka saba yi shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, a ce an mayar da ita “ta ƙasar zafi”. Wannan ɓarna ce. An gwada motocin nan a hamadar da zafinta ya kai namu. Injin da aka cire wa tamostat ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu da sanyi, ta riƙa ƙara fetur, fetur ya wanke bangon silinda. Ruwan rijiya kuma yana cin alminiyam yana toshe lagireto. In mota tana ɗaukar zafi akwai dalili, a nemo shi. A motar da aka ja a gida, wannan ne farkon abin da za ka duba: kana kunna makulli fanka ta tashi, to an taɓa ta.

Fetur ma abin lura ne. G37 da 86 da BMW da Mercedes duk an rubuta musu fetur mai daraja ta sama, aƙalla 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin da sauran duniya ke amfani da shi. Gidajen manmu galibi iri ɗaya suke sayarwa. Ƙwaƙwalwar motar za ta ja da baya don kare injin, ka rasa wani ɓangare na ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa, kuma mai tabo ya fi kowa shan wahala. Ba mu manta da gurɓataccen fetur na Fabrairun 2022 da ya kwantar da motoci ba. Accord da Solara da Mustang mai silinda shida suna shan na kowa ba gardama, wannan ma dalili ne.

A nan zan ɗan ratse. Wasan mota da ake yi a wajen bukukuwa, ana juyi ana tayar da ƙura a tsakiyar jama'a, ya sa iyalai kuka ba sau ɗaya ba. Motar da baya ke turawa, in tayarta ta suɗe ta hau yashi ko ruwan farkon damina, bayanta yana wucewa gaba kafin direba ya ankara. Wanda ya saba da Corolla ya ba kansa lokaci ya koyi halinta, kuma kada ya kashe na'urar hana zamewa don wani aboki ya ce ta fi daɗi a haka.

Ranar dubawa

Ka je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, kuma ka sa hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa. Inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa: ƙarar sarƙa, shuɗin hayaƙi, rawar jiki. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira ba, ka biya shi ladansa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama yana da rabo a cinikin. Kafin a tayar, a murɗa makulli a ga duk fitilun allo sun kama sannan su mutu. In ta inji ko ta jakar iska ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne. A sa mata kwamfuta, kuma kada a tsaya a “babu komai”, don ana goge laifi da safe kafin mai saye ya zo. Kwamfutar tana nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen kanta, in duk ba su kammala ba, ba a daɗe da gogewa ba.

A hau da ita rami ko a ɗaga ta. Ƙasan 'yar ƙofa biyu shi ne littafin tarihinta: kaskon baƙin mai da ya daki dutse, walda a shasi, indomin salansa da aka sace ko aka fasa, sifirin da aka yanke don ta ƙara kwanciya. Ka bi gefen bonet da ƙofofi da yatsa ka ji ko tazarar dama da hagu ɗaya ce. Ka duba tayoyin baya, in sun fi na gaba cinyewa nesa, ka san irin wasan da aka yi da ita. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sannan a fita titi na aƙalla rabin awa da na'urar sanyi a kunne, a shiga cunkoso a ga ko allurar zafi za ta motsa, a fita fili a ji yadda giya ke shiga in ta yi zafi. Zagaye ɗaya a cikin fili ba gwaji ba ne.

Ka kuma shiga kujerar baya da kanka. Wata rana Hajiya za ka kai asibiti, ko surukai su zo daga ƙauye, kuma sai an kwantar da kujerar gaba kafin su sunkuya su shiga. In ita kaɗai ce motar gidan, ka sake tunani. Ranar sayarwa ma masu nemanta ba su kai na mai ƙofa huɗu ba.

Takardu su zo kafin kuɗi. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, don haka 'yar Kwatano da ba ta da takardar kwastan ta gaskiya tana iya kwana a hannun jami'ai ko bayan shekaru. A kai takardar ofishin kwastan a tantance, a ga lambar shasin da ke jikinta ita ce ta jikin motar.

Saura jakar iska, wadda kusan babu mai tambaya a kanta. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana amfani da wani sinadari da zafi da laima ke lalatawa a hankali, ta yadda in jakar ta tashi sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska da wuya. An yi kiranyen jakunkuna kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, mutane sun mutu, kamfanin ya durƙushe a 2017. Accord na shekaru da dama suna ciki, haka BMW E46 da Mustang ta 2005 zuwa 2014, har kamfanonin suka gargaɗi masu wasu daga cikinsu da kada su sake tuƙa su sai an canza. Motar da ta baro Amurka kafin a gyara ta, ba wanda zai aiko maka da wasiƙa a Kano. Hukumar NHTSA ta Amurka tana da shafin da ake sa lambar shasi kyauta, ya nuna ko akwai kiranyen da ba a yi ba. In ya nuna akwai, a cire kuɗin sabuwar jaka daga farashin, kuma kada a maye ta da ta gwangwan da aka ciro daga wata motar mai irin shekarunta, don ita ma ciwon ɗaya gare ta.